Tsohuwar Land Rover ta yi shekaru a ajiye, ta ina zan fara tada ta?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san kan tsofaffin motoci. Kawuna yana da Land Rover Series III, doguwar nan, ƙirar 1978 mai injin fetur, ta fi shekara goma a bayan gida ba ta motsa ba. Yanzu ya ce in ina so in ɗauka, in ba haka ba 'yan gwangwan za su zo su sassare ta. Ni ba bakanike ba ne, aikin ofis nake yi, iyakar sanina canza fulogi da juyen baƙin mai. Amma tun ina yaro nake son motar nan, kuma so nake ta zama abin da zan riƙa taɓawa ranakun hutu, ba gaggawa.

Ga halin da take ciki. Tayoyi duk sun sace sun tsattsage. Bodi lafiya lau, ko ɗigon tsatsa ban gani ba, fenti ne kawai ya koɗe. Birki in ka taka sai ya tafi har ƙasa. Tankin mai yana wani irin wari mai hawa kai. Ɓeraye sun ci wayoyi a bayan dashbod. Niyyata in sayo batir, in zuba sabon mai, in buga kik in ji ko injin zai amsa. In ya tashi sai in kwance ta gaba ɗaya, a yi mata fenti, in riƙa mayarwa a hankali. Hakan ya yi, ko akwai abin da ya kamata ya riga?

Tsohon Bakanike:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya sanya albarka. Amma kada ka sayi batirin nan tukuna, kuma maganar fenti ka ajiye ta can ƙarshe.

Bodin da kake yabawa shi ne zai yaudare ka. Land Rover ta wancan zamanin, daga ta farko a 1948 har zuwa Series III da aka ƙera tsakanin 1971 da 1985, da aluminiyam aka yi mata jiki, shi kuwa ba ya jan tsatsa irin ta ƙarfe. Sai ka ga mota tsaf daga waje, alhali shasin da ke ɗauke da ita ya ruɓe. Shasin ƙarfe ne mai rami a ciki, laka da ruwa suna shiga su kwanta, su ci shi daga ciki zuwa waje. Kafin ka ga huda, aikin gama ya gama.

Saboda haka aikinka na farko guduma ce da tocila. Ka wanke ƙasan motar sosai, ka kwanta ka bi shasin taƙi da taƙi kana ƙwanƙwasawa. Ƙarfe mai lafiya yana amsawa da ƙara mai zaƙi. Wanda ya mutu sai ka ji tib, wani lokacin ma gudumar ta wuce. Ka fi mai da hankali kan ƙarfen da ya gitta a can baya inda ake ɗaura ja, da hannayen da suka fito gefe suka tallafi bodi, da duk wurin da sifirin ya rataya gaba da baya. Daga nan ka shiga ciki ka ɗaga tabarmar ƙafa. Bangon da ya raba inji da mazaunin direba shi ma ƙarfe ne, ba aluminiyam ba, kuma wurin ajiye ƙafa da ginshiƙan da ƙofofi suke rataye a kai sun fi ko'ina ruɓewa.

Abin da ka samu a nan shi zai gaya maka ko aikin na faci ne, ko na sauya shasi, ko kuma motar ta kayan gyara ce kawai. Inji ana gyarawa, ana sauyawa. Shasi in ya tafi, komai sai an sauke.

Gargaɗi ɗaya kafin ka shiga ƙarƙashinta. Birkin hannun motar nan ba tayoyi yake riƙewa ba, farfela yake kamawa a bayan giya. In ka ɗaga tayar baya ɗaya, motar za ta iya gangarawa ko da ka ja shi. Ka sa waji a tayoyi, ka ɗora ta kan ƙafafun ƙarfe, kada ka yarda da jak shi kaɗai.

Mai Walda:

Baba ya gama magana. Abin da zan ƙara, Yallaɓai, in ka samu huda kada ka bari a liƙa maka falle a kan tsatsa. A yanke har sai an isa ƙarfe mai rai, a sa sabo mai kauri daidai da na asali. Kuma a sauke tankin mai kafin wuta ta kusanci wurin, tanki marar mai ya fi cikakke haɗari saboda tururin da ke ciki. Ka kuma duba lambar da aka buga a jikin shasi ta gaba, ka gwada ta da ta takardun motar tun yanzu, kada ka gama zuba wahala sannan rajista ta gagara.

Wani ɗan uwa:

Ni dai gaskiya zan faɗa. Ka bar wa 'yan gwangwan abinsu. Motar da ba ta da iyakwandishan, sitiyari kamar kana kokawa, ga shan mai, in ta yi kilomita 90 a awa sai ka ji kamar za ta tarwatse. Kuɗin da za ka kashe ya wuce abin da za a saye ta. Na ga mutane da yawa sun fara irin wannan, ƙarshenta kaji ke ƙwai a ciki.

Mai tambaya:

Na gode Malam, kuma na san ba ƙarya ka faɗa ba. Ba don riba nake so ba, kuma ba ita zan riƙa zuwa aiki da ita ba. Amma maganar waɗanda suke farawa su watsar ta tsaya mini a rai. Baba, to injin fa? Ko shi ma in ƙyale shi har sai an gama da shasi?

Tsohon Bakanike:

A'a ɗana, kana duba shasi kana jiƙa inji, ba sa hana juna. Abin da na hana shi ne kik. Injin da ya shekara goma a tsaye, mai ya tsiyaye daga ko'ina, wataƙila zoben fistin ya manne da silinda. Ka buga kik da ƙarfi, zobe ya karye ya karce silinda, ka mai da ƙaramin aiki babba.

Ka cire fulogi huɗun, ka ɗiga ɗan man giya na otomatik ko gas a kowane rami, ka bar shi ya sha na kwanaki. Sannan ka sa sifana a kan notin karanshaf ka gwada juyawa da hannu, gaba kaɗan, baya kaɗan. Motar nan ma tana da ramin hannun tadawa a gaba, in kawunka bai yar da ƙarfen ba, da shi za ka fi jin daɗi. In ya cije kada ka yi masa dole, ƙara mai ka ƙara haƙuri. In ya zagaya sumul, ka buɗe murfin sama ka ga ko bawul takwas ɗin duk suna sauka suna tashi, domin wani yakan maƙale.

Daga nan ka juye tsohon baƙin mai ka dube shi da kyau. In ya yi fari-fari kamar madara, ruwa ya shiga, ka yi zargin gaskit. Sabon mai, sabuwar tace. Tankin nan kuwa kada ka ja ko ɗigo daga cikinsa. Warin da ka ji fetur ne da ya lalace ya zama danƙo, zai toshe maka kafireta nan take. Ka wanke kafiretar, ka ja mai daga ƙaramar jarka mai tsabta da sabon tiyo, ka ajiye abin kashe gobara kusa. Ka goge kwantak, ka tabbatar wuta tana zuwa fulogi. Jerin wutar 1, 3, 4, 2 ne, ka rubuta kafin ka cire wayoyin. Ka juya injin da kik ba fulogi har fitilar mai ta mutu, sannan ka mayar da su ka tada.

Injin nan na lita 2.25 bai da ƙarfi, dokinsa wajen 70 ne, amma yana da wuyar mutuwa. Sau da yawa abin da ya sa aka ajiye motar ba shi ba ne. Ka tambayi kawunka me ya faru ranar da ya kashe ta na ƙarshe, amsar za ta rage maka bincike mai yawa.

Mai Wayarin:

Oga, kafin batir ya taɓa motar nan ka nemo duk inda ɓeraye suka ci, don waya tsirara a kan ƙarfe gobara ce. Sauƙin da ke ciki, motocin Ingila na lokacin launin waya ɗaya suke bi: ruwan ƙasa wuta ce kai tsaye daga batir, baƙa ta komawa jiki ce, fara tana samun wuta in an murɗa makulli, koriya ita ma haka amma ta bi ta fiyus, shuɗiya ta manyan fitilu. In robar wayoyin ta bushe tana farfashewa a hannu, kada ka wahalar da kanka da faci, sayi cikakken saiti ka shimfiɗa sabo. Wayoyin ba su da yawa, ba kwamfuta, ba komai.

Mai son dizal:

Ni da ni ne, ba zan ɓata lokaci a kan wannan injin ba. Cire shi ka sa injin dizal na 200Tdi, wanda ya zo a Land Rover Discovery a 1989. Dokinsa ya haura 100, ga ƙarancin shan mai. Mutane da yawa sun yi.

Tsohon Bakanike:

Sun yi, amma ka tambaye su giya nawa suka ci. Giyar Series ba a yi ta don wannan ƙarfin ba, birkin ma na ganga ne duk huɗun. Mutumin da bai taɓa jin motarsa ta tashi ba kake cewa ya sauya mata zuciya? Ya tuƙa ta yadda take tukuna, in ta gundure shi sai a yi wannan maganar.

Wata 'yar uwa:

Ɗan uwa, ni a kan kwancewar nan zan yi magana, domin ni da maigidana mun tada irinta, gajeriyar. Kada ka kwance ta gaba ɗaya in ba shasi ne ya tilasta maka ba. Kwancewa tana da daɗi da sauri, mayarwa ce ke cin shekaru. Motocin da Malam ya ce kaji na ƙwai a ciki, yawancinsu a nan suka mutu: an wargaza su a mako ɗaya, notuna sun watse, mai ita ya manta me ke shiga ina, zuciya ta karaya. Ka ɗauki sashe ɗaya, ka gama shi, ka mayar, sannan ka taɓa na gaba. Motar da kake iya tadawa ka zagaya fili da ita tana ƙara maka ƙwazo.

Duk abin da za ka cire ka ɗauki hotonsa da waya, ka zuba notunansa a leda ka rubuta suna. Kada ka yar da tsohon kaya sai sabon ya zauna daidai. Ka nemi littafin gyaran motar da na lambobin kaya, suna nan ana samu. Ka kuma sani yawancin notunan ƙirar 1978 ma'aunin inci ne, sifanar milimita za ta cinye musu kai kawai.

Bayan inji, birki. Komai na roba a sauya, tiyo da kofuna, a duba bututun ƙarfen, a zuba sabon man birki domin tsohon ya sha ruwa. Doguwar tana da silinda biyu a kowace tayar gaba, fitar da iska daga cikinsu sai an yi haƙuri, kada ka ɗauka kai ne ba ka iya ba. Ƙurar tsohon takalmin birki kada ka hure ta, ana samun asbestos a ciki, ka jiƙa ka goge. Ka duba ƙwallayen nan masu sheƙi a bayan tayoyin gaba, in sun yi ramuka mai zai riƙa zuba komai sabuntar robar. Tayoyi kuma sababbi, ko da tsofaffin sun riƙe iska.

Ranar da za ka fara fita da ita, ka tuna ja huɗun nata ba na kwalta ba ne. Ƙarfen nan mai jan kai da ke kusa da giya in ka ja shi baya ƙaramar giya ce, mai ruwan ɗorawa in ka danna shi tayoyi huɗu ne ke ja. A kan busasshiyar hanya gaba da baya za su riƙa ja-in-ja har wani abu ya karye.

Mai tambaya:

Na dawo da rahoto. Na bi shasi da guduma kamar yadda Baba ya ce. Dogayen ƙarfen biyu suna amsawa da kyau, amma na bayan nan gudumar ta wuce ta ciki, hannu ɗaya na gefen direba ma ya ruɓe, wurin ajiye ƙafa akwai huda. Lamba ta yi daidai da takarda. Inji ya juya bayan ya sha mai, bawul ɗaya ya ɗan maƙale amma ya saki. Kawu ya ce kuloc ne ya daina kamawa shi ya sa ya ajiye ta. Yanzu walda zan fara, ko in tada injin?

Mai Walda:

Wannan aikin faci ne Yallaɓai, ba na sauya shasi ba. Ƙarfen bayan da hannun gefen duk ana sayar da su a ƙere, yanka ne da haɗawa. Ka auna tazarar marataya sifirin kafin a yanke, ka rubuta, don kada motar ta dawo tana tafiyar kaguwa.

Tsohon Bakanike:

Tada injin tukuna ɗana, da jarka kamar yadda na ce, ka bar shi ya yi zafi kana kallon lagireto da ƙasan mota. In ya zauna, ka sauke tankin ka kai a wanke, daidai lokacin mai walda yana aikinsa tunda dama sai an cire shi. Kuloc ɗin nata na mai ne, ka fara da silindojinsa biyu kafin ka yi tunanin sauke giya. In ya tashi ka ɗauko mana ƙararsa mu ji.