Ina son shiga kogo a wajen Dass, ta ina zan fara?

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan uwa, a yi haƙuri da tsawon rubutun. Muna sakandare aka kai mu Yankari, aka nuna mana kogunan Marshall, ɗakunan nan 59 da mutanen zamanin dā suka fafe a jikin dutse. Tun ranar abin ya shiga raina. Bara na gama bautar ƙasa, aiki shiru, ina tsaron shagon yayana a Wunti cikin garin Bauchi, ga maganar aurena ta watse bayan ƙaramar sallah (wannan labari ne na daban, amma shi ya sa nake neman abin da zai ɗauke min hankali). Kullum da dare sai kallon Turawa a YouTube suna rarrafe cikin kogo. To yanzu na ga wani rami a jikin dutse ta wajen Dass, sai a durƙushe mutum zai shiga. Na sayi fitilar goshi da igiya, ranar Asabar nake son zuwa. Yaya ake farawa ba tare da an yi ɓarna ba? Hajiya ba ta sani ba.

Ɗan Maharba: Ƙanena, shekara talatin ina bin duwatsu daga Toro har Ningi, don haka ka saurara. Dutsen nan yana da masu shi. Ka fara zuwa gaida mai unguwa, shi zai haɗa ka da sarkin baka. Maharba sun san ramin da beguwa ke kwana, da wanda zuma ta yi gida a bakinsa, da wanda mutanen wurin ba sa yarda baƙo ya shiga. Na Yankari da jagora ka je, wannan kuwa ba wanda zai riƙe maka hannu. In kun isa, ku hura wuta a bakin ramin, hayaƙi zai koro duk abin da ke ciki.

Anti Nas: Kawu, ban da hayaƙi don Allah. Rami mai ƙofa ɗaya hayaƙin zama yake yi a ciki, shi yaron zai shaƙa, ga jemagun wurin a kashe su a banza. Abin da ya fi damuna ma kashin jemage ne. In ya bushe aka tayar da ƙurarsa, yana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke kama huhu. Sa takunkumi, kuma kada ka ci abinci a inda ka ga kashin ɓera, kowa ya san yadda zazzaɓin Lassa yake a jihar nan da rani. Su wa za su raka ka?

Mai tambaya: Anti ai ba nisa zan yi ba, leƙawa kawai. Abokaina dariya suka yi min, wai aljanu nake nema.

Ɗan Kaltungo: Leƙawa! Mu da muke da asibiti guda na cizon maciji a garinmu mun san ƙarshen leƙawa. Kububuwa a ƙarƙashin dutse take, launinta ɗaya da ƙasa. Ƙanin babana a gona ta sare shi, aka tsaya jiƙe-jiƙe kwana biyu, sai da jini ya fara fita ta dasashinsa sannan aka nemi mota. Har yau ba na gaisawa da wanda ya hana a kai shi da wuri.

Ɗan Maharba: Kububuwa ba ta shiga can ciki, a baki take. Ka sa takalmi mai rufe idon sawu. In ta faru, ka ɗaure saman wurin tamau da igiyar taka.

Anti Nas: A'a kawu. Ba ɗauri, ba tsaga, ba tsotsa. A hana ƙafar motsi a nufi asibitin da ke da allurar maganin dafi.

Ɗan Maharba: Ku na littafi ne, mu na daji.

Malamin Tarihi: Ni dai roƙona, in ka ga zane a bango ko fasassun tukwane, hoto kawai. Zanen dutsen Geji da na Shira sun daɗe tun kafin kakanninmu. Na taɓa kai ɗalibai wani dutse, na juya baya yaro ya rubuta sunansa da na budurwarsa da fenti. Da na kai ƙara, uban ni ya zo yi wa faɗa. Kuma kada ka sa wurin a Facebook, sati biyu za ka tarar da ledojin ruwa ko'ina.

Injiniya: Masu wannan harkar ba sa shiga in ba su kai mutum uku ba, kowa da fitila uku da hular kwano, a bar wani a waje ya san lokacin fitowarku. Waya ba ta da sabis a cikin dutse. Igiyar kasuwa kuma ta ɗaurin kaya ce, kada ka rataya ranka a kanta. In hadari ya haɗu a fasa, ruwan dutse gaba ɗaya yake gangarowa. Ni da ka bari sai kaka.

Ɗan Maharba: Kaka ciyawa ta kai ƙugu, maciji ko'ina. Sai an ƙone daji, tsakiyar rani.

Anti Nas: Lokacin Lassa ke nan fa.

Mai tambaya: Na gode duka. Amma gaskiya in na je wajen mai unguwa maganar za ta koma kunnen kawuna, daga nan sai Hajiya. Igiyar kuma sabuwa ce, mai kauri, na gwada ta a bishiyar mangwaron gidanmu. Hular kwanon babur za ta yi?

Ɗan Kaltungo: Wai har yanzu Asabar ɗin ce?

Mai tambaya: Na riga na ce wa yayana ba zan zo shago ba.