Shin da hannun kakanninmu aka ƙone Kumasi?

Ɗan Aboabo: Assalamu alaikum. A makon jiya na kai ɗalibaina gidan tarihi na fadar Manhyia, fadar sarkin Asante a nan Kumasi, inda muka ga kayan zinariyar da aka dawo da su daga Ingila a shekarar 2024, guda 32, kuma a matsayin aro aka kawo su, abin da ya yi mini ciwo ƙwarai. A hanyar dawowa wani yaro ya tambaye ni ko gaskiya ne sojojin Hausa suna cikin waɗanda suka ƙone garin nan a 1874, domin wani abokinsa Batone, wato ɗan ƙabilar Asante, ya goranta masa. Na rasa amsar da zan ba shi. Ina roƙon manyanmu su fayyace mini.

Tsohon Malamin Asawase: Wa alaikumus salam, malam. Rundunar Ingila ta Janar Wolseley ce ta shiga Kumasi ran 4 ga Fabrairu 1874, bayan gumurzun Amoaful na 31 ga Janairu, ta kwashe abin da ta samu a fadar Asantehene, wato sarkin Asante, Kofi Karikari, ta tarwatsa ginin da albarushi, sannan ta cinna wa gari wuta. Babbar ƙungiyar Hausawa tana ƙarƙashin Kyaftin Glover, wanda ya biyo ta gabas daga wajen kogin Volta, kuma bai iso ba sai bayan kwanaki, ya tarar da toka. Amma kada mu fake da wannan, domin akwai Hausawa a cikin dakarun da suka taho tare da Wolseley, kuma matsin da Glover ya yi daga gabas yana cikin abin da ya sa sarki ya amince da yarjejeniyar Fomena, wadda ta ɗora wa Asante tarar oza 50,000 ta zinariya. Umarnin ƙonewa na Turawa ne, amma da sojojin da ake kira Hausa aka ci yaƙin.

Hajiya ta Alabar: Baba, na gode da wannan bayani, sai dai ina da gyara a kan kalmar Hausa ɗin kanta. Turawa suna laƙaba wannan suna ga kusan duk wanda ya fito daga arewa yana jin harshen, kuma da yawa daga waɗanda Glover ya fara tarawa a Legas bayi ne da suka tsere wa iyayengijinsu, suka ga kakin soja shi ne mafakarsu. Ban faɗi haka don in wanke kowa ba. Kuma Musulmi sun riga sojojin nan zama a Kumasi, tun da Bowdich, wani Baturen Ingila da ya zo a 1817, ya tarar da malamai a kusa da fada, ana girmama su saboda rubutu da layu.

Tsohon Malamin Asawase: Gaskiyarki, Hajiya. Abin da ya fi damuna ma shi ne 1900. Da gwamnan Turawa Hodgson ya nemi a kawo masa kujerar zinariya, alamar sarautar Asante, ya zauna a kai, Yaa Asantewaa, sarauniyar Ejisu, ta jagoranci tawaye, aka yi wa ganuwar Turawa, wato sansaninsu mai katanga da ke Kumasi, ƙawanya wata da watanni. Sojojin Hausa ne suka tsare ta. A gindin bangonta kuwa dubban 'yan gudun hijira ne suka taru, cikinsu har da fatake mutanen arewa da matansu da 'ya'yansu, babu abinci, yunwa tana kashe su kullum. Hodgson ya fice ran 23 ga Yuni, taimakon Kanar Willcocks bai iso ba sai 15 ga Yuli, daga nan kuma aka bi ƙauyukan Asante ana ƙonewa. Ganuwar tana nan a Adum, yanzu gidan tarihin soja ce, kuma ban taɓa wucewa ta wurin ba tare da na tuna da waɗanda suka mutu a wajen bangon ba.

Ɗan Aboabo: Allah ya saka muku da alheri, Baba da Hajiya. Zan nemi izinin iyayen yaran biyu in kai su ganuwar tare ranar Asabar, in nuna musu inda sojojin suka tsaya da inda fataken suka kwanta.