Tambaya ga direbobin manyan bas: Ashok Leyland, Yutong ko Marcopolo?

Ɗan Ketu:

Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga waɗanda suka taɓa riƙe sitiyarin manyan bas na cikin gari, musamman BRT ta Legas, wato bas masu keɓaɓɓen layinsu a titi, da makanikan da ke shiga ƙarƙashinsu. A cikin ukun nan wacce ta fi: Ashok Leyland, Yutong ko Marcopolo?

Ni ba direba ba ne, sana'ar kayan gwari nake yi a kasuwar Mile 12, amma tun ina yaro Allah Ya ɗora mini son manyan motoci. A idona aka buɗe BRT a watan Maris na 2008, daga Mile 12 zuwa CMS, da shuɗayen Ashok Leyland na ƙungiyar direbobi ta NURTW da jajayen kamfanin LAGBUS. A 2015 aka ja layin har Ikorodu, kamfanin Primero ya zubo Yutong 434 masu esi. Daga baya kuma ga LBSL, kamfanin bas na gwamnatin Legas, da nasu Marcopolo. Duk na hau su, kuma ko ban waiwaya ba ina iya gane wasunsu da ƙarar inji tun suna nesa.

Ni dai a wurina Marcopolo ce sarauniya. Faɗin gilashin gaba, yadda aka zauna da fitilu, yadda take shiga kwana ba ta jijjiga mutum. Abokina da muke rumfa ɗaya ya ce Yutong ce, don ita ta fara sa talaka ya je aiki ba tare da ya jiƙe da gumi ba. Wani dattijo a layinmu kuma har gobe Ashok yake yabo, ya ce ƙarfe ne zalla. Kullum sai mun yi wannan musu, amma dukkanmu fasinjoji ne, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Don Allah direbobi ku raba mana gardama.

Baba Direba:

Wa alaikumus salam. Yaro, tambayarka ta yi kyau, sai dai ka haɗa abubuwan da ba jinsi ɗaya ba. Marcopolo kamfani ne na Brazil da ke gina bodi, wato gangar jiki da kujeru da tagogi da ƙofofi, a kan shasin wasu: Marsandi, Scania, Volvo. Za ka ga Marcopolo biyu a jere, fuska ɗaya, fenti ɗaya, amma da ka hau ka taka totur kowacce da halinta. Yutong kuwa a Zhengzhou ta ƙasar Sin ake haɗa ta gaba ɗaya, amma injin sau da yawa na wasu ne, Cummins ko Yuchai ko Weichai. Ashok Leyland ta Indiya ita ke yin shasinta da injinta. Shi ya sa mu idan aka ce an kawo sabbin motoci, ba sunan da ke goshi muke fara tambaya ba. Abu biyu ne: injin gaba ne ko na baya? Giyar hannu ce ko otomatik?

Daga karen mota na faro, a Marsandi 911, don haka injin gaba na sani kafin komai. A bas mai injin gaba, injin yana nan gefen ƙafarka ta dama, an rufe shi da murfi. Da rana ta take, kamar an ajiye maka murhu a gefe. Ga ƙara, kwandasta na magana sai ya ɗaga murya. Ga kuloci. Wanda bai taɓa tuƙa babbar mota mai giyar hannu a gosulon Ojota ba, ba zai gane abin da nake faɗa ba: ka taka, ka saka ɗaya, ka matsa taku biyar, ka taka, ka cire, haka har yamma. Da daddare gwiwar hagu ce ke fara gaya maka ka tsufa. Amma tana da nata alherin. Kunnenka na kan injin. Da ƙararsa ta sauya, ko fanbel ya fara kuka, ko wani wari ya taso, kai za ka fara ji, tun abin bai zama babba ba. Lagireto kuma yana gaba, iska na dukansa kai tsaye.

Mai injin baya wata duniya ce. Ranar da na fara hawa, shirun ne ya fi ba ni mamaki. Injin yana can bayanka wajen mita goma, ba ka jin komai sai hirar fasinjoji. To a nan haɗarin yake ga sabon direba: dole idonka ya maye gurbin kunnenka, kana duba allurar zafi da ta baƙin mai da ta iska a kai a kai. Lagiretonta a gefe yake, can baya, fanka ce ke jawo masa iska, kuma tare da iskar take jawo ƙura da leda. In ba a busa shi ana wankewa ba, wata rana a tsakiyar hanya za ta tafasa.

Sai kwana. A irin waɗannan motoci tayoyin gaba suna bayan kujerarka, kai kana gabansu. Saboda haka sai ka wuce bakin kwanar, kamar za ka hau shingen, sannan ka karya sitiyari. In ka karya da wuri tayar baya ta hau dakali. Sannan gindinta yana da tsawo bayan tayoyin baya, in ka karya dama shi sai ya leƙa hagu. Mai okada da ya maƙale a gefenka bai san da wannan ba, kai ne za ka sani masa. Madubi, madubi, madubi.

Abin da ya sa na ƙaunaci otomatik ba hutun ƙafa kaɗai ba ne. Giyoyin ZF da Voith da Allison da ake sa wa manyan bas sukan zo da ritada, wadda ke rage gudun mota ta cikin giya tun birki bai kama ba. A layin da ake tsayawa kowane ɗan taƙi, birki ba ya ɗaukar zafi, ba ya saurin cinyewa, kuma waɗanda ke tsaye ba sa zubewa kan juna in ka iya taka shi a hankali.

To ga amsata. In layi ne na BRT mai kwalta mai kyau, a ba ni injin baya mai otomatik, kuma a cikinsu wadda ta fi kwanta mini ita ce bodin Marcopolo a kan Scania. Ka ga kenan ba ka yi nisa da gaskiya ba. Amma in aka ce in bar layi in shiga hanyar unguwa mai ramuka da damina, Ashok mai sifirin zan ɗauka, ba zan yi shawara da kowa ba.

Makanike Ladipo:

Baba, Allah Ya ƙara girma. Duk abin da kuka faɗa haka yake, sai dai ku da yamma kukan ajiye makulli ku tafi gida, mu kuma lokacin aikinmu ke farawa. Ku yi haƙuri in saɓa muku kaɗan.

A wurina motar da ta fi ita ce wadda in ta tsaya yau, gobe za ta fita. Me ya sa molue, tsohuwar babbar bas ɗin haya mai launin rawaya, ta shekara da shekaru tana yawo a Legas har sai da gwamnati ta hana ta shiga Island, wato tsibirin Legas? Don 911 ce a ƙarƙashinta, a lokacin kamfanin ANAMMCO na haɗa Marsandi a Enugu, kayan gyaranta na ko'ina, kuma duk yaron da ya yi shekara biyu a gareji ya san ta ciki da bai. Injin da, mai famfo da nozul na hannu, ko man gas ɗin ba shi da kyau zai yi hayaƙi ya yi tari amma zai kai ka. Injin zamani kwamfuta ke ba shi mai, da matsi mai tsananin ƙarfi, ta ramukan da ido ba ya gani sosai. Ruwa kaɗan ko datti a cikin man ya isa ya kashe injekta, kuma kuɗin saiti ɗaya ba wasa ba ne. Matacin da ke raba ruwa da mai ɗan ƙaramin abu ne mai araha, amma shi ake fara yi wa rowa.

Na yi aiki a wani kamfani da ba zan ambata ba. Mota lafiyayya ta tsaya saboda sensa guda ɗaya, aka ce an yi oda daga waje. Aka tura ta bakin katanga. Bayan sati wata ta fasa madubi, aka ce a ara na waccan. Sai batir. Sai altaneta. Sai balan-balan ɗin iska na baya, don ita ba sifirin take hawa ba. Sai tayoyi, aka ɗora ta kan duwatsu. Ranar da sensa ta iso, babu motar da za a saka wa. Da hannuna na kwance wasu daga cikin kayan, kuma har yau abin na yi mini ciwo, don injinta ko buɗe shi ba a taɓa yi ba.

Game da esi da abokin Ɗan Ketu yake yabo: daɗi ne, ba musu. Amma duk motar da aka yi ta da gilashi a manne, ranar da kwamfireso ya tsaya fasinja zai gwammace tsohuwar mai taga. In da ni ake tambaya kafin a yi oda, zan ce a sa esi amma a bar ƙananan tagogi na sama masu buɗewa. Kuma a sayi iri ɗaya da yawa, tare da kayan gyara da kwamfutar duba ta, a koya wa yara. Yutong ce ko Ashok ko Scania, wanda ya yi haka motarsa za ta daɗe.

Maman Ikram:

Ni ban san inji ba, amma kullum ina hanya tsakanin Ikorodu da Fadeyi da goyo a bayana. Malam Ɗan Ketu, ku maza gilashi da fitila kuke kallo, ni matakala nake kallo. Mota mai dogayen matakala uku, ga yaro a baya, ga jaka a hannu, ga mutane na turo ka, wallahi aiki ne. Mahaifiyata sai an kama ta ake hawar da ita. Wadda ƙasanta ya yi ƙasa, taku ɗaya ka shige, ita ce motata, ko wa ya ƙera ta. Sai kuma wurin riƙewa da gajere zai iya kaiwa. Baba Direba, na gode da maganar birkin nan, ashe shi ya sa wani direban in ya tsaya ko ji ba ka yi.

Ɗan Nima:

Gaisuwa daga Accra. Irin wadda Baba ya zaɓa ita muke da ita a nan. A 2016 aka fara tsarin manyan bas na Aayalolo da bas 245, Scania ce da bodin Marcopolo, a hanyar Amasaman zuwa Tudu. Mota kam ta haɗu, ba wanda zai kushe ta. Amma ba a keɓe mata layi nata tun daga farko har ƙarshe ba, a wurare da yawa tana cikin cunkoso ɗaya da trotro, wato ƙananan bas ɗin hayarmu. Trotro kuwa ƙarama ce, tana kutsawa, tana tsayawa inda ka ce. Ku a Legas shingen kankaren da aka yi wa BRT a Ikorodu Road ya yi muku aikin da babu injin da zai yi. Tsofaffinmu kuma har yanzu bas ɗin Neoplan da aka riƙa haɗawa a Kumasi suke yabo, dalilinsu ɗaya da na Makanike.

Ɗan Ketu:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Baba, gobe in sha Allahu kujerar gaba zan nema in ga yadda ake karya kwanar nan da idona. Amma ga wata kuma. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 ake ta maganar bas masu iskar gas, kuma a shekarar ce kamfanin mai na Oando da LAMATA, hukumar sufurin Legas, suka gwada Yutong masu lantarki a Legas. Su kuma ina za a ajiye su a wannan lissafi?

Makanike Ladipo:

Mai iskar gas injinta fulogi yake amfani da shi kamar na fetur, don haka maganar injekta da gurɓataccen man gas ta kau, sai kuma kula da fulogi da kwayil da bututun gas. Ta fi shiru, hayaƙi kaɗan. A masu ƙasan ƙasa irin wadda Maman Ikram ke so, tukwanen gas ɗin a kan rufi ake jera su, don babu wuri a ƙasa. Mai lantarki kuwa babu baƙin mai, babu matacin mai, babu salansa, kuma in direba ya ɗaga ƙafa motar na mayar da wuta cikin batir. Amma wutar da ke cikinta ta kai ɗaruruwan bolt, ba abin da yaro zai sa sifana a kai da ka ba ne. Wayoyi masu launin ruwan lemo da za ka gani a jikinta, wanda ba a horar ba ko kusa kada ya je.

Baba Direba:

Makanike ya gama magana ta ɓangarensa. Ta ɓangaren sitiyari in ƙara abu biyu. Mota mai tukwane a sama ta fi tsayi kuma nauyinta ya hau sama, saboda haka kwanar da ka saba shiga da wani gudu, rage. Kuma ka san tsayin motarka kafin ka tunkari ƙarƙashin gada ko rumfar gidan mai. Na biyu, duk motar da ba ta ƙara, mai tafiya a ƙasa ba ya jin zuwanta. A wuri irin Mile 12 da masu dako ke tsallaka titi da kwando a ka, ba su iya waiwaye, hannunka ya zauna kusa da hon tun daga gada.

Yaro, in ka zauna a gaba gobe da asuba, duba allurai biyu na iska a gaban direba. In motar yanzu aka tayar da ita, za ka ga ya jira sun hau kafin ya saki birkin hannu. Kada ku yi masa ihun ya tafi, da iskar nan birkin yake kamawa.