Kuɗin cefane ba ya kai mu ƙarshen wata: ina neman shawarar mazauna Jos

Maman Safiyya, Anguwan Rogo:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar iyayena da 'yan'uwana a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Mu takwas ne a gida: ni da maigidana, da yara biyar, da mahaifiyarsa wadda take zaune tare da mu. Shi ma'aikacin gwamnati ne, ni kuma ina koyarwa a wata makarantar firamare mai zaman kanta. Duk wata muna ware N140,000 domin abinci kaɗai, amma da wuya kuɗin ya wuce ranar 20 ga wata, daga nan sai mu koma karɓar kaya bashi a shagon unguwa, albashi na shigowa kuma da biyan bashin ake farawa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 muke cikin wannan hali, kuma ƙarin mafi ƙarancin albashi zuwa N70,000 da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 bai cike giɓin ba. Ba almubazzaranci muke yi ba, domin nama ma sau biyu kawai muke gani a mako. Kullum nakan aiki yaro ya auno shinkafa ko garin masara, ya haɗo da kayan miya na ranar. Ta yaya kuke tsara naku cefanen har ya kai ku ƙarshen wata?

Hajiya Kaka, Gangare:

Wa alaikumus salam, 'yata. Amsar tambayarki tana cikin maganarki ta ƙarshe, wato awon kullum. Wanda yake sayen mudu ɗaya-ɗaya a shagon unguwa yana biyan ribar mutum uku ko huɗu, tun daga ɗan sarin da ya ɗauko hatsin a ƙauye har zuwa mai shagon, kuma idan bashi ne babu bakin neman ragi.

Na shekara fiye da talatin ina ciyar da gida mai yawa, kuma abin da ya rufa mini asiri shi ne sayen hatsi da kaka. Daga watan Oktoba zuwa Disamba masara da dawa da wake suna saukowa, sai su yi ta hawa har tsakiyar damina, lokacin da rumbun manomi ya yi ƙasa. Mu a Jos Allah ya yi mana gata, domin ga kasuwar Mangu ta ranar Juma'a, ga Saminaka ba nisa, wanda kuma ba zai iya tafiya ba ga kasuwar Katako a cikin gari. Ki fara da buhun masara ɗaya da rabin buhun wake. Kafin ki biya, ki zura hannu har tsakiyar buhun ki ɗebo, ki ciji ƙwaya ɗaya. Idan ta fashe ƙaras to ta bushe, idan kuwa ta lotsa a haƙori akwai sauran danshi, kuma za ta yi fumfuna a ɗaki. Wake shi ne mai wuyar ajiya saboda ƙwari. Ni ban yarda da zuba masa magani ba, tunda cikin yarana zai shiga. Ina zuba shi a jarka busasshiya in cika ta har baki in toshe sosai, ko kuma a buhun nan na PICS mai leda biyu a ciki, wanda idan an ɗaure kowace leda daban iska ba ta shiga, ƙwarin sai su mutu da kansu.

Haka nan tumatir. Da sanyi, daga Janairu zuwa Maris, lokacin da na noman rani ya cika kasuwar Farin Gada, nakan sayi kwando in yayyanka in shanya a kan tabarma a saman kwano, in rufe da tsohon gidan sauro saboda ƙuda da ƙura. Iskar hunturu tana busar da shi cikin 'yan kwanaki. Idan watan Yuni ya zo tumatir ya yi tsadar da kowa ya sani, sai in jiƙa kauɗata in markaɗa da tattasai da albasa, kuma babu wanda ya taɓa tashi daga kan kwano ya ce miyar ba ta yi ba.

Abu na ƙarshe, ki rage dogaro da shinkafa. Gwaten tsakin masara ko na acca, da alayyafo da yakuwa da gauta da ɗan dakakken ƙashi, yana ƙosar da gida a kan kuɗin da bai kai na shinkafa da miya ba, kuma surukarki za ta fi jin daɗinsa a ciki.

Malam Mai Gwari, Farin Gada:

Hajiya ta gama magana a kan hatsi, ni zan ƙara da ɓangaren da nake sana'a a kai. 'Yar'uwa, kashin tumatir da ake sayar wa yaronki a unguwa daga wurinmu aka saro shi, an kuma kasa kwando ɗaya gida-gida. Ku haɗu ku huɗu ko biyar a layinku, ɗaya ta zo da sassafe lokacin da ake sauke kaya, ta sari kwandon tumatir da na tattasai da albasa, ku raba a gida. Kuɗin Keke ɗaya za ku biya a maimakon biyar. Ta ce a juye mata kwandon ta ga ƙasansa, wannan haƙƙinta ne, kuma ɗan kasuwa na gari ba zai ji haushi ba. Dankalin Turawa kuma namu ne, daga Bokkos da Mangu yake fitowa, yana araha wajen Yuli da Agusta. A baza shi a ƙasa a wuri mai duhu da iska, kada a bar shi cikin leda, wanda kuma ya yi kore a ware shi, ba a ci. Game da nama, ku tambayi maigida ko akwai masu watanda a wurin aikinsu, domin kason da ake samu idan an haɗa kuɗi an yanka sa ya fi abin da za a yanko a teburin mahauci da kuɗi ɗaya.

Ummu Abdallah, Rikkos:

Da girmamawa ga Hajiya da Malam, shawarwarin nan gaskiya ne, amma duk suna bukatar kuɗi a dunƙule, kuma wadda take bin shago bashi tun ranar 20 ba ta da shi. Na san haka domin na zauna a irin wannan halin shekara biyu. Ba buhu na fara saye ba, littafi na fara saye. Wata guda cur na rubuta duk abin da ya fita daga hannuna, har kuɗin niƙa da na dunƙulen miya, sai na tarar cewa burodi da kayan shayin safe da 'yan kuɗin da nake miƙa wa yara su sayi abin taɓawa a makaranta sun kusa cinye kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin abincinmu. Na mayar da karin kumallo koko da ɗumame, ranar Asabar kuma in yi awara da waken suya. Wake kuwa ina jiƙa shi tun dare, domin ya rage mini cin gas da gawayi. Da abin da ya ragu na fara biyan mai shago har na fita daga littafinsa, sannan na shiga adashe da malamai 'yan'uwana, na roƙi a ba ni kwasar watan Nuwamba domin ta dace da kaka. Sai a shekara ta biyu na iya sayen buhun farko. Maman Safiyya, kada ki ci sabon bashi don ki sayi buhu, kuma ki zauna da maigida ku duba littafin tare, saboda canza abincin safe ba ya yiwuwa idan shi bai goyi baya ba.

Maman Safiyya, Anguwan Rogo:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na fara rubutawa tun ranar Litinin, kuma a kwana biyar kaɗai na ga cewa sau biyu a rana nake aiken sayen man gyaɗa na ƙulli, abin da ban taɓa lissafawa ba. Na yi magana da maƙwabtana uku, sun amince mu gwada sarin kayan miya ranar Asabar mai zuwa. Hajiya, don Allah ina da sauran tambaya: buhun masara ɗaya wata nawa yake yi wa gida mai mutum takwas idan ana tuwo kullum da dare, kuma gara a surfa a niƙa shi gaba ɗaya ko a riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan?