Siki (allon zamiya a kan dusar ƙanƙara) mai faɗin milimita 100 zuwa 106, zai iya riƙe ƙanƙara mai tauri kuwa?

Mai_Zamiya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekarata ta huɗu kenan ina zamiya, kuma tun da na fara siki ɗaya nake hawa, ƙugunsa, wato faɗin tsakiyarsa, milimita 78. A hanyar da motar gyaran dusar ƙanƙara ta daddale ba ni da matsala da shi ko kaɗan, amma ranar da sabuwar dusar ƙanƙara ta zuba sai kansa ya dinga nutsewa ni kuma ina ta komawa baya, kafin azahar cinyoyina sun gama mutuwa. Shi ne nake tunanin komawa irin faffaɗan nan da ake cewa suna shiga ko'ina a dutse, 100 ko 106. Tsorona ɗaya, safiyar da ƙasa ta daskare kamar gilashi, zai riƙe ni? Don Allah wanda ya hau ya faɗa min gaskiya, siki ɗaya kawai zan iya ajiyewa.

Baban_Hanifa:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Zai riƙe, amma ba irin riƙon da ka saba ba. Abin da ke faruwa shi ne, kaifin ƙarfen da ke gefen sikin ya yi nisa da tsakiyar ƙafarka, to kafin ka kwantar da sikin daga wannan gefe zuwa wancan sai ka ɗan jira, kuma sai ka karkata gwiwa fiye da da kafin kaifin ya ciji ƙasa. Idan ka yini a kan tauri zalla za ka ji shi a gwiwa da yamma, ni dai ina ji. Shi ya sa masu tseren silalom, wato na kewaya sanduna, ke hawa siki mai ƙugu wajen 65, su sauri daga kaifi zuwa kaifi suke nema.

Amma fa kada lambar faɗi ta ɗauke maka hankali gaba ɗaya, abin da ke cikin sikin ma yana da nasa. Mai faifan ƙarfe a ciki kuma da kamba a ƙarƙashin ƙafa, wato tsakiyarsa a ɗage take idan ka ajiye shi a ƙasa, irin su Völkl Mantra ko Nordica Enforcer, yana zama daram a kan tauri, ba ya karkarwa. Mara nauyi mai roka da yawa gaba da baya kuwa, wato kansa da wutsiyarsa sun lanƙwashe sama, ɗan guntun kaifi ne kawai ke taɓa ƙasa, sai ka ji kan yana kaɗawa idan ka yi gudu. Kuma ka dinga kai shi wasa kaifi, yawanci digiri 1 a ƙasa 2 a gefe, kaifi dakushasshe ko a siki 70 zamewa zai yi.

Hauwa_K:
Ni 102 nake hawa kuma wallahi inda na fi jin daɗinsa ba a sabuwar fauda ba ne ma, wato dusa mai laushi kamar gari, a'a, bayan mutane sun tattake ta ne ta zama tsibi-tsibi, nan tauri can laushi. Siririn siki kowane tsibi sai ya jefa ka gefe, wannan kuwa hawa kai yake yi ya wuce. Haka ma ƙarshen kakar zamiya idan rana ta narkar da saman ya zama caɓal, yana yawo a sama abinsa, sai dai ka sa kakin da aka yi don dusa mai jiƙa in ba haka ba ƙasan zai dinga kamawa kamar an taka birki.

A fauda kuma, idan ta kai idon sawu ko ƙwauri, ya wadatar sosai, ba sai ka kwanta baya ba, rokar gaba ce ke ɗaga kan. Irin mai zurfin nan ta Hokkaido a Japan da ke kai ƙugun mutum ita ce ake nema wa 115 zuwa sama, kuma kwana nawa ne a shekara mutum ke samun irinta?

Mai_Zamiya:
Na gode ƙwarai Yaya Hauwa. To a tudun-tudun nan na mogul fa? Can ma ina son koyo.

Hauwa_K:
Can kam sai haƙuri, kwarin da ke tsakanin tudun matsattse ne, faffaɗa yana cika shi kuma wutsiyar tana maƙalewa, musamman mai ƙarfe. Ana yi, amma da wahala ga mai koyo. Ɓawon da ke daskarewa a sama ƙasa kuma laushi shi ma ba ya da daɗi da kowane siki, sai dai faɗi da roka suna rage yawan kamun kai.

Baban_Hanifa:
Ka zauna ka ƙirga kwanakinka na bara tsakaninka da Allah. Idan yawancinsu a daddalalliyar hanya mai tauri ka yi su, ni 88 zuwa 95 zan ce ka duba, tsalle daga 78 zuwa 106 babba ne. Idan dutsenku na samun zuba akai-akai to 100 ya yi. Ka karɓi haya na yini ɗaya ka gwada da sassafe lokacin da ƙasa ke daskare, a nan za ka san ko gwiwarka ta yarda. Kuma birkin maƙalin takalminka na yanzu ba zai shiga ba, sai an sauya mai faɗin da ya dace da sabon ƙugun.

Mai_Zamiya:
Allah ya saka da alheri Baba. Na ƙirga, tauri ya fi yawa nesa ba kusa ba. Zan gwada 94 da 100 ranar Asabar in sha Allahu, sai in dawo in gaya muku yadda aka yi.