Akwai inda ake digirin digirgir a kan kiɗa da motsin jiki?

Ɗan Gwammaja:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na gama digiri na biyu a fannin kwamfuta, kuma tun ina yaro kawuna makaɗin kalangu ne, shi yake wa mahauta kiɗa a unguwarmu. Abin da ya daɗe yana cina a rai shi ne yadda yake matse kalangun a hammata ya saki, sautin ya hau ya sauka kamar mutum na magana, kafaɗarsa da ƙugunsa duk suna aiki, kuma ba a rubuce yake ko'ina ba. Shin akwai jami'ar da ake bincike a kan irin wannan da na'ura? Kuma kuɗin karatun fa? Don Allah wanda ya sani ya taimaka.

Hajiya Bilki:
Wa'alaikumussalam ƙanena. Akwai sosai, fara duba cibiyar RITMO ta Jami'ar Oslo a Norway, an kafa ta a 2017 kuma aikinta kenan, kiɗa da lokaci da motsin jiki. Suna da ɗakin gwaji mai suna fourMs, za a manna maka 'yan ƙananan ƙwallaye masu sheƙi a gwiwar hannu da kafaɗa da goshi, kyamarori na kewaye da ɗakin suna bin kowace ƙwallo, kwamfuta ta fitar da hoton ƙasusuwanka suna motsi tare da sautin. Farfesa Alexander Jensenius na can har gasar tsayuwa cak ya shirya, mutane su tsaya ba motsi a kunna musu kiɗa, sai aka ga jikin yana ɗan motsawa ko mutum bai so ba.

Maganar kuɗi kuwa, a Norway mai digirin digirgir ma'aikaci ne, albashi ake biyansa, shekara 3 ko 4 in an haɗa da koyarwa. Guraben ana tallarsu a shafin Jobbnorge kamar kowane aiki. Sai dai ka yi sauri ka bincika, tallafin cibiyar na shekara 10 ne, wato zuwa 2027.

Injiniya Maraɗi:
Na ƙara kan na Hajiya, akwai cibiyar binciken kiɗa ta IPEM a Jami'ar Ghent ta Beljiyam inda Marc Leman ya daɗe yana wannan aiki, da Jami'ar Jyväskylä a Finland, wadda ita ta yi manhajar nazarin motsin jiki ta MoCap Toolbox. Amma ni shawarata malam, kar ka zauna jiran ɗakin gwajin Turai. Ɗauki wayarka ka kafa ta a kan kujera, ka ɗauki kawu bidiyo yana kiɗa, ka saka a manhajar MediaPipe ta Google wadda kyauta ce, za ta ba ka wuraren gaɓoɓinsa a kowane hoto, sai ka jera kusurwar gwiwar hannunsa da hawa da saukar sautin ka ga ko suna tafiya tare. Ko minti 5 ne ka haɗa da takardar neman gurbin, ya fi shafi goma na surutu. Abu ɗaya, babbar riga tana rikita manhajar don ba ta ganin hannun, ka roƙe shi ya sa 'yar shara.

Hajiya Bilki:
Na manta, ka nemi ayyukan Rainer Polak, ya daɗe yana nazarin kiɗan gangar jembe da rawa a Mali kuma ya yi aiki da RITMO ɗin. Kuma ka nemi izinin kawu tukuna ka gaya masa inda bidiyon zai je, kwamitin jami'a sai sun tambaye ka wannan.

Ɗan Gwammaja:
Allah ya saka da alheri. Ranar Asabar akwai biki a layinmu kuma shi zai yi kiɗan, amma cikin hayaniya sautin ba zai fita ba, gara in same shi da safe a zaure kafin ya fita. Injiniya, wayar a gefe zan kafa ta ko ta gabansa?