Neman taimako: bug da commit kafin Asabar

Malama Hadiza: Salamu alaikum. Ranar Asabar zan koyar da yara a wata cibiyar kwamfuta a Ƙofar Ƙaura yadda ake kai rahoton bug a manhajar rubutu ta Vim, da yadda Git ke bin diddigin sauye-sauyen kod. Yadda zan fassara kalmomin bug da commit da Hausa ne ya hana ni sakat, kuma gobe za a buga takardun.

Sani Daurawa: Ƙwaro. An gama.

Injiniya Kabir: Tangarɗa dai. Ka buga ƙ ko ɗ, manhaja ta nuna maka akwati, tangarɗa ce. A rahoton sai yaro ya faɗi wane Vim ne, wace kwamfuta, me ya danna, me ya fito. In mai gyara bai iya maimaita ta a wurinsa ba, aikin banza aka yi.

Malam Lawal: Kuskure fa?

Injiniya Kabir: Ranka shi daɗe, yaro zai ɗauka shi ne ya yi kuskuren, sai ya yi gum.

Sani Daurawa: Ƙwaro na da asali! A 1947 ƙwaro na gaske aka ciro daga kwamfutar Mark II a Harvard, aka manna shi a littafi.

Injiniya Kabir: Thomas Edison, mai ƙirƙire-ƙirƙiren nan na Amurka, ya yi amfani da kalmar bug tun 1878, Malam Sani. Ta girmi ƙwaron naka.

Sani Daurawa: Ku dai duk abin da rediyo ta faɗa shi ne Hausa. Tangarɗa Hausar masu labarai ce. Daga Kano za a koya wa Daura magana?

Malam Lawal: Wa ya kawo Kano nan? Kakata a Rimi tana cewa tangarɗa, ba ta taɓa zuwa Kano ba.

Malama Hadiza: Don Allah commit fa?

Malam Lawal: Adanawa.

Injiniya Kabir: Mun riga mun ba save wannan. Commit shi ne ka tattara abin da ka canza, ka rubuta dalili, Git ya ba shi lamba tasa. Da lambar ake gano inda tangarɗa ta shigo.

Sani Daurawa: Inda ƙwaro ya shigo. To, hatimi. Ka buga wa aikinka hatimi.

Injiniya Kabir: Hatimi bai yi muni ba, amma yarana komit suke cewa, kuma shi za su buga a allo.

Malama Hadiza: Na ɗauki tangarɗa. Komit zan bari a takarda, in yi bayanin hatimi da baki.

Sani Daurawa: Ban yarda ba, amma ajinki ne. A nawa ƙwaro ne.